Yadda za ka riƙe bugun zuciyarka in kana sassarfa a lokacin zafi

Hanyar da ka saba bi ce, takun ma shi ne na kullum, amma da zafi ya shigo sai ka ga agogon hannunka yana nuna bugun zuciya ya haura. Dalilin shi ne zuciya tana raba jini gida biyu: wani ga tsokar ƙafafu, wani ga fata don jiki ya huce. Ga gumi kuma yana rage ruwan da ke cikin jinin, sai kowane bugu ya riƙa tura jini kaɗan, dole ta ƙara sauri don ta cike gurbi. Shi ya sa in tafiya ta yi nisa lambar ke ta hawa ko da ba ka ƙara gudu ba.

Mataki na farko, ka san iyakarka tun kafin ka ɗaura takalmi. Cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne ƙiyasin ƙololuwar bugun zuciyarka a minti guda. Gudu mai sauƙi yana tsakanin kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na wannan adadi. Ɗan shekara 40 ke nan ƙololuwarsa 180, sassarfarsa kuma tsakanin 108 da 135. Ƙiyasi ne kawai, mutane sun bambanta, don haka ka haɗa da gwajin da na fi yarda da shi: in ba za ka iya furta cikakkiyar jimla ba sai da haki, ka wuce gona da iri.

Na biyu, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗuwa: bar zuciya ta yanke maka saurin da za ka yi. Ka mayar da fuskar agogon kan bugun zuciya, ka manta da minti nawa kilomita ke ci. Minti goma na farko ka tafi a hankali ƙwarai, har ka ji kamar ka cika sanyin jiki. In lamba ta kai iyakar da ka sa, rage taku. In ta ƙi sauka, koma tafiya ta minti ɗaya ko biyu a inuwa, sannan ka ci gaba. Babu abin kunya a cikin wannan. Ranar sauƙi ana yin ta ne don gina juriya ba tare da an gajiyar da jiki ba, kuma wanda ya nace sai ya yi saurin lokacin sanyi ya mayar da ita ranar wahala, gobe kuma ya tashi a gajiye.

Na uku, zaɓi lokaci. Gab da fitowar rana iska ta fi sanyi. Ka lura da laima ma, domin in iska ta jiƙe gumi ba ya bushewa, kuma bushewarsa ce ke sanyaya jiki. Sa tufa mara nauyi mai haske.

Sai batun ruwa. Auna nauyinka kafin fita da bayan dawowa. Kowane kilo guda da ya ragu kusan lita guda ce ta ruwa. In asarar ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka, ƙoƙarinka zai fara raguwa. Ka sha kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙishi, kada ka ɗura wa cikinka, don zallan ruwa mai yawa yana tsinka gishirin jini. Gudun da ya haura awa guda yana son abin sha mai ɗan gishiri.

Ka ba jiki kwana 10 zuwa 14 ya saba. Fara da gajeren zango, kana ƙarawa sannu a hankali. Za ka ga gumi yana zuwa da wuri, bugun kuma yana sauka a takun da a da yake wahalar da kai.

In kuwa jiri ya kama ka, ko tashin zuciya, ko tsigar jikinka ta tashi alhali ana zafi, tsaya nan take, ka shiga inuwa, ka jiƙa jikinka da ruwan sanyi. Wanda ya fara rikicewa ko sambatu, a sanyaya shi kuma a nemi agajin likita cikin gaggawa. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya fara tuntuɓar likitansa, domin wasu magunguna suna rage bugun, sai lissafin nan na sama ya daina yi masa aiki.