Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa ma'aunin tazarar lokaci, da yadda ake gyara su

Duk shekara ɗaliban lantarki na Kaduna Poly da masu haɗa kayan gwaji a cikin gari suna fama da aiki iri ɗaya: da'irar da za ta auna tazara tsakanin bugu biyu na sigina, na farawa da na tsayawa. Ana buƙatarta a ma'aunin nisa mai aiki da sauti, da ma'aunin gudun ruwa a bututu, da na'urar gano inda kebul ya tsinke. Idan lamba ta ƙi zama daidai, sai a ce a sayo guntu (wato IC) mai sauri. A ganina, mafi yawan lokuta laifin yana wajen waya, ko agogo, ko bakin siginar, kuma sabon guntu ba ya taɓa ko ɗaya daga ciki.

Kuskuren farko shi ne yarda da duk lambar da ta fito a allo. Ma'aunin da ke ƙirga bugun agogo mai 10 MHz, wato bugu miliyan goma a daƙiƙa, yana tafiya ne taki-taki, kowane taki nanosakan 100 (nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa), kuma ƙirgen yana iya ƙaruwa ko raguwa da ɗaya, domin sigina ba ta jiran agogo kafin ta iso. Masu ƙaramin allon kwamfuta na Arduino Uno sun fi faɗawa wannan rami. Umarninsa na karanta lokaci, micros(), yana tsallake ne da maikirosakan huɗu-huɗu (maikirosakan ɗaya nanosakan dubu ne), amma sai ka ga rahoto ɗauke da lambobi uku bayan ɗigo. Gyaran ba ya cin kuɗi: a shigar da siginar ta ƙafa ta 8, a bar Timer1, ma'ƙirgin lokaci na cikin guntun, ya kama lokacin da kansa, takin ya sauko zuwa nanosakan 62.5. Wanda ke neman ƙasa da haka sai ya nemi guntu irin TDC7200 na Texas Instruments, mai takin kusan pikosakan 55 (pikosakan dubu ne nanosakan ɗaya). To daga nan ne sauran kurakuran suke fara bayyana.

Waya ita ce ta fi cin mutane. Haske yana tafiyar kusan santimita 30 a nanosakan ɗaya, a cikin kebul RG-58 na kayan gwaji kuwa sigina tana yin kashi biyu bisa uku na wannan gudun, wato kowace mita tana cin nanosakan biyar. Idan kebul na farawa mita ɗaya ne, na tsayawa mita biyu, ka ƙara nanosakan biyar a kowane awo da hannunka, kuma ko sau dubu ka maimaita ba za su fita ba. Yadda ake kamawa: raba sigina guda ka kai ta ƙofofin biyu, ka rubuta abin da ya fito a matsayin sifilinka, sannan ka musanya kebul ɗin ka sake aunawa. Rabin bambancin awon biyu na kebul ne, matsakaicinsu na cikin na'urar.

Akwai kuma ƙarshen kebul. RG-58 na om 50 ne. Idan aka cusa shi kai tsaye a ƙofar osiloskop (na'urar da ke nuna siffar sigina a allo) mai megaom ɗaya, sigina za ta buga ta komo kamar amsa-kuwwa, a kebul mai mita biyu ta sake isowa bayan nanosakan 20, ta ɓata bakin bugun ko ta sa na'urar ta tsaya sau biyu. A sa rezisto mai om 50 a bakin ƙofar. Sannan a kula da abin da ake saya: yawancin kebul da ke shagunan masu sayar da kayan dish a kan titin Ahmadu Bello RG-6 ne mai om 75, na talabijin. Kama ce kawai suka yi.

Bakin sigina mai hawa a hankali ma matsala ne. Lissafinsa gajere ne: raba girman hayaniyar lantarki da ke kan siginar da saurin hawanta, ka sami yawan rawar da awon lokacin zai yi. Hayaniyar milibolt 10 a kan siginar da ke hawa bolt ɗaya a maikirosakan ɗaya tana jawo rawar nanosakan 10. Siginar da ta hau bolt ɗin a nanosakan 10, rawarta kashi ɗaya cikin ɗari na wancan ce. Don haka a sa matakin farawa a inda siginar ta fi tsaye, galibi tsakiyarta, a sa kwamfareta (guntun da ke gwada sigina da wannan matakin) mai sauri da ɗan ratar Schmitt, wato 'yar tazara tsakanin matakin kunnawa da na kashewa, a gajarta wayar ƙasa ta tsinken gwaji. Kafasita mai 100 nF ta zauna dab da ƙafar wutar kowane guntu. Wutar inbata da cajar waya mai arha suna zuba hayaniya sosai, shi ya sa na fi son a gwada da batir kafin a zargi da'irar.

Agogo kuma, a gajerar tazara bai cika damuwa ba, a doguwa ne yake cin amana. Kiristal mai kaucin kashi 50 cikin miliyan yana ɓatar da maikirosakan 50 a kowace daƙiƙa, kuma Uno na asali ba kiristal ne ke tuƙa babban guntunsa ba, rezoneta ce ta yumɓu da ke iya kaucewa har kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Zafi yana ƙara nasa: abin da aka daidaita da sanyin safiyar hunturu ba zai tsaya a wurin ba da azahar ɗin watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano. TCXO, agogon kiristal mai gyara kaucin zafi da kansa, yana rage wannan. OCXO, mai riƙe kiristal ɗinsa a zafi ɗaya cikin ɗan tanda, ya fi, amma sai an bar shi ya ɗumama, abin da ɗaukewar wuta ke hanawa idan babu batir a bayansa. Hanya mafi araha ta tantance agogo ita ce ƙaramin allon GPS mai fitar da bugu ɗaya a daƙiƙa: ƙirga bugun agogonka tsakanin bugunsa, na tsawon daƙiƙa 100.

Ɗaukar matsakaici yana taimakawa, awo 100 yana rage rawa sau goma. Sharaɗinsa shi ne kada siginar ta fito daga agogo ɗaya da ma'aunin. Idan uwarsu ɗaya, kuskure guda ne zai yi ta maimaituwa, lambar ta tsaya cak a allo, mai aiki ya ɗauka ya dace.