Babi na 6: Ƙofofin ruwa a jikin shuka

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, kowa ya tuge tumatir ɗaya da saiwarsa ya ajiye a gabansa. Jikin shukar nan duk ƙananan ɗakuna ne a jere kamar saƙar zuma, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowane ɗaki yana da 'yar fata da ta kewaye shi, a jikin fatar kuma akwai ƙofofi da ruwa ke bi ya shiga. Sunansu akwaforin. Mu faɗa tare: a-kwa-fo-rin. A rubuta sau uku, in hannu ya karkace ba komai, haka kowa ya fara.

Wani likita ɗan Amurka, Peter Agre, shi ya gano su. A 1992 ya sa ƙofar a jikin ƙwan kwaɗo ya tsoma a ruwa, sai ƙwan ya yi ta kumbura har ya fashe. Ya samu kyautar Nobel a 2003. A 1993 aka tabbatar shuka ma tana da su. Abin riƙewa: ƙofar nan tana buɗewa kuma tana rufewa.

Darasi na 2

Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka a nutsu. In ruwa ya kwanta a fangali saiwa ta rasa iska, sai ƙofofin su rufe, ruwa ga shi nan har ya shanye gindin shuka amma ba ya shiga, ganye ya yi yaushi kamar mai ƙishi, kai kuma ka ga yaushi ka ruga ka tada inji ka ƙara mata ruwa. Ka ƙara kashe ta kenan.

To kafin ban ruwa, cusa yatsa cikin ƙasa gaɓa biyu. Ya fito da danshi? Kar a ba da ruwa. Ya fito a bushe? A bayar. Mu sake: yatsa tukuna, sannan ruwa. Ba ganye za ka tambaya ba, ƙasa za ka tambaya. Da tsakar rana ma barkono kan yi laushi, la'asar sakaliya ya miƙe abinsa, shi ma yatsa tukuna. In ƙasar ta yi caɓal, a fasa kunya ruwan ya fita.

Sannu a hankali za ku saba. Amma fa wallahi makon jiya mun yi wannan sau biyar, na je gonar wani a cikinku na tarar da inji na aiki a kan taɓo. Ba zan faɗi suna ba, ya san kansa. Haba Alhaji, yatsa kuɗi ake saye? Yatsa tukuna.

Darasi na 3

Gishiri ma yana sa ƙofofin saiwa su rufe. In kun ga fari-fari a saman ƙasa bayan ta bushe, gishiri ne. Takin zamani shi ma dangin gishiri ne, kar a zuba yuriya a manne da gindin shuka, a ɗan matsa gefe. Nan ma a duba danshi da yatsa.

Darasi na 4

Wasu ƙofofin ba ruwa kaɗai ke bi ba. Shinkafa na da wadda sinadarin silikon, wanda ake samu a ƙasa da yashi, ke shiga ta ciki, shi ke ƙarfafa kara. A kwafe wannan layin a gida.