Kafin Ka Sa Hannu a Rajistar Zaɓe a Amurka

Ranar da ka je neman lasisin tuƙi, ka buɗe ido. Wata dokar tarayya ta 1993 ta wajabta wa yawancin jihohi su yi wa mai neman lasisi tayin rajistar zaɓe, don haka ma'aikaci zai iya tambayarka, ko na'ura ta nuna maka wurin latsawa. In dai katin zaman dindindin gare ka, ko bizar karatu ko ta aiki, amsarka a'a ce. Ko ma'aikacin ya ce ba komai, kada ka yarda. In ta ɓaci, ba shi za a nema ba.

Abin da ke ruɗa baƙo shi ne gwamnatin tarayya da jihohi ba su yi baki ɗaya ba. Fom ɗin rajistar zaɓe na tarayya ba ya neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, rantsuwa kawai za ka yi cewa kai ɗan ƙasa ne. Wasu jihohi suka ce wannan bai isa ba. Arizona ta kafa dokar neman shaida a 2004, amma a 2013 Kotun Ƙoli ta ce dole ta karɓi fom ɗin tarayya. Sai ta raba rajistar gida biyu: wanda bai kawo shaida ba ya zaɓi masu kujerun tarayya, ban da gwamna da 'yan majalisar jiha. Ita kuwa Kansas, kotun tarayya ta soke dokarta ta neman shaida a 2018, bayan dokar ta tare rajistar mutum sama da 30,000.

Su dai suna ta jayayya a kan yadda za a tabbatar, amma haramcin zaɓen tarayya ga wanda ba ɗan ƙasa ba, ba wanda ke musunsa. Wata dokar tarayya ta 1996 ta sa jefa ƙuri'ar baƙo a zaɓen tarayya laifi ne mai ɗauri har shekara guda, kuma da'awar zama ɗan ƙasa ta ƙarya kan jawo kora. Fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa ma yana tambayar ko ka taɓa rajista ko zaɓe.

Za ka ji ana cewa Takoma Park a jihar Maryland tana barin baƙi su yi zaɓen gari. Gaskiya ne, amma iyakarsa garin. 'Yan'uwanmu na Bronx kuma su sani, kotu ta rushe irin wannan dokar ta birnin New York a 2025.

In Allah Ya sa ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, to ka je ka yi rajista da ƙarfin gwiwa, takardar shaidarka ko fasfo na Amurka a hannu, ka kuma sanar da ofishin lasisi cewa matsayinka ya canja.