Babi na Biyar: Yadda Ake Gane Ciyawa da Dangin Wake a Makiyaya

Darasi na 1: Iri biyu ne

Abin da dabba take ci a makiyaya ya kasu manyan gida biyu. Akwai ciyawa, kamar gamba, kyasuwa, harkiya da burgu. Akwai kuma dangin wake, kamar gadagi, harawar wake, harawar gyaɗa, lablab da sitailo. Ciyawa tana cika ciki, tana ba da ƙarfi. Dangin wake su ne masu sinadarin gina jiki, wato furotin, wanda ke sa nama da nono. Saniya tana bukatar furotin kusan kashi 7 cikin 100 a abincinta kafin cikinta ya iya narkar da abin da ta ci. Ciyawar da ta bushe a tsaye da rani takan faɗi ƙasa da haka, shi ya sa dabba take ci tana ramewa. Ganyen dangin wake kuwa sau da yawa yakan kai kashi 15.

Tsinko ganye ɗaya, ka ɗaga shi sama wajen haske. Idan dogo ne siriri, jijiyoyinsa sun miƙe a jere daga gindi zuwa tsini, ciyawa ce. Taɓa karan, za ka ji gaɓa-gaɓa. Idan ganyen mai faɗi ne, jijiyoyinsa sun rarrabu, ajiye shi, mu je darasi na gaba. In ba ka gani ba da farko, ba komai, sake ɗagawa.

Darasi na 2: Duba saiwa

A nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali.

Ganye mai faɗi bai isa shaida ba. Ƙirga ganye ma bai isa ba. Wake yana da ganye uku-uku, gyaɗa huɗu-huɗu, gadagi kuwa ɗaya-ɗaya, kuma duk dangi ɗaya ne. Shaidar da muke nema tana ƙarƙashin ƙasa.

Kada ka fizge tsiron. Ɗauki fartanya ka haƙa kewaye da shi, ka ɗago shi da ƙasarsa. Sa saiwar cikin ruwa ka wanke a hankali. Yanzu duba: akwai 'yan ƙwayoyi kamar ƙwayar gero manne a jikin saiwar? A cikinsu ne wasu ƙananan halittu suke zaune, suna ɗebo naitirojin daga iska suna ba tsiron. Wannan naitirojin ɗin shi ne ake saye a buhun takin uriya. Fasa ƙwaya ɗaya da farce. Idan cikinta ja-ja ne, tana aiki. Idan fari ne ko kore, ba ta aiki.

Mu sake. Haƙa, kada ka fizga. Idan ka fizga, ƙwayoyin za su tsinke su zauna a ƙasa, sai ka zo ka ce babu. Akwai, kai ne ka baro su. Haƙa, wanke, duba, fasa. Faɗa da bakinka sau uku kafin ka taɓa fartanya.

Wani abu kuma. Murza ƙwayar da yatsa. Ta gaskiya tana gefen saiwa, da ka murza sai ta ɓalle. Idan saiwar ce da kanta ta kumbura, kuma kumburin bai ɓallewa, wannan cuta ce ta tsutsar ƙasa. Tafasa kuma tana yin kwanso irin na dangin wake, amma ba za ka sami ƙwayoyi a saiwarta ba, shanu ma ba sa son ɗanyarta.

Duk da wannan bayani, a kowane aji sai an sami wanda ya kawo kara tsirara, babu ko saiwa ɗaya, yana tambaya ko dangin wake ne. Haba jama'a! Dattijo da girmansa, haƙa ramin da bai wuce taƙi ɗaya ba ya gagara? Wanda ya zo da tsiron da aka fizge, komawa zai yi. Haƙa, wanke, duba, fasa.

Darasi na 3: Lokacin yanka

Yanke ciyawa tun tana shirin fitar da kai. Da ta yi 'ya'ya, kara ya yi tauri, amfaninta ya ragu. Harawa kuwa a shanya ta a inuwa, a ɗaure kafin ganyen ya kakkaɓe, don furotin ɗin yana cikin ganye.

Darasi na 4: Hattara

Kada a saki dabba mai yunwa cikin ɗanyen dangin wake da raɓa, yana kawo kumburin ciki. A fara ba ta busasshiyar ciyawa. Gyauron dawa yana da guba tun yana ƙarami, yana kashe shanu.

Darasi na 5: Aikin gida

Kawo ciyawa iri biyu da dangin wake iri biyu, kowanne da saiwarsa. Rubuta sunayensu a littafinka.