Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Na'urar Tangarahu Domin Fahimtar Kimiyyarta

Duk mai son sanin asalin wayar tangarahu, wato na'urar aika saƙo nesa da alamun lantarki ta cikin waya, zai fi saurin ganewa idan ya haɗa ƙarama da hannunsa, domin kusan kowane mataki maimaici ne na gwajin da wani masani ya yi a ƙarni na 19. Ana buƙatar batir, da siririyar wayar jan ƙarfe mai rufi, da babbar ƙusa, da kamfas, da guntun katako, da falle biyu na gwangwanin da maganaɗisu ke kamawa.

A fara da kamfas. A kankare rufin bakunan wayar, a shimfiɗa ta bisa tsawon allurar, sannan a taɓa bakunan a jikin batir na ɗan lokaci kaɗan, saboda wayar tana saurin ɗaukar zafi. Nan take allurar za ta karkata. Abin da Hans Christian Oersted ya lura da shi ke nan a Denmak a 1820, kuma a kansa Cooke da Wheatstone suka gina tangarahunsu mai allurai a Ingila a 1837.

Daga nan sai a kafa ƙusar a katako, a naɗa mata waya kamar zagaye 100 duk ta fuska ɗaya, ba tare da an juya hannu ba. Joseph Henry ne ya nuna a Amurka cewa waya mai rufi tana ba da damar yin naɗi bisa naɗi har ƙarfin maganaɗisun ya ƙaru sosai. A lanƙwasa falle ɗaya ya tsaya saman ƙusar da tazarar milimita 2 ko 3, kuma a nan ne aikin yake son haƙuri, domin idan ya yi nisa ba zai motsa ba, idan ya matso da yawa kuma sai ya manne ya ƙi saki. Falle na biyu shi ne makunni: a haɗa bakin waya ɗaya da batir, ɗayan kuma da fallen, yadda idan an danna shi zai taɓa ɗaya ɓangaren batir ɗin, sai falle na farko ya bugi ƙusar ya yi ƙas. Da irin wannan maganaɗisu Samuel Morse ya aika saƙo daga Washinton zuwa Baltimo a 1844, sai dai tasa na'urar a takarda take zana alamun saƙon.

A ƙarshe a riƙa tsawaita wayar har bugun ya raunana, domin tsawon waya yana rage ƙarfin lantarkin da ke bi ta cikinta, kamar yadda dokar masani Ohm ta 1827 ta bayyana. A ƙarƙashin teku matsalar ta fi haka tsanani, domin alamun sukan yi jinkiri su cakuɗe, abin da masani William Thomson ya zauna ya lissafa. Wayar tangarahun da aka shimfiɗa a ƙarƙashin Tekun Atlantika a 1858 ta mutu cikin 'yan makonni, sai a 1866 aka samu wadda ta ɗore.