Kurakuran da aka fi yi wajen gane ƙaramin okid mai dabbare-dabbaren ganye

Tsiron da masana ke kira Oeceoclades maculata ƙaramin okid ne, wato daga dangin tsirrai masu fure da yawancinsu ke maƙale a rassan bishiyoyi. Ɗan asalin Afirka ne, amma sai ka ga mutum ya taka shi ya wuce bai san abin da ya taka ba. Abin yana min ciwo, domin laifin na rashin lura ne kawai.

Kuskure na farko shi ne ɗaukarsa a matsayin moda. Gaskiya ganyensu ya yi kama, kore mai duhu da dabbare-dabbare. To ka durƙusa ka share busassun ganyen da suka rufe gindinsa. Za ka ga ɗan ƙullutu kore kamar 'yar albasa, kowane ƙullutu da ganye ɗaya tak a kansa, ga saiwoyi farare masu kauri sun bazu a cikin ruɓaɓɓen ganye ba su nutse ƙasa sosai ba. Moda ba ta da wannan ƙullutun, ganyenta kuma ya fi tsayi da tauri.

Wasu kuma da sun ji an ce okid sai su ɗaga kai suna duban rassa. Wannan a ƙasa yake zama, cikin inuwar kurmi, inda ganye ke zuba ya ruɓe. Nema a fili cikin rana ɓata lokaci ne.

Kada ka jira fure babba. Karan furen daga gindin ƙullutun yake fitowa, furannin ƙanana ne, leɓen fari da ɗigon ruwan hoda biyu. Da kansa yake barbara, ɗigon ruwan sama na taimaka masa. Hakan na cikin abin da ya sa ya bazu a Burazil da tsibiran Karebiyan, har aka gan shi a Florida ta Amurka a 1974.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne tumɓuke shi a kai gida a dasa cikin laka ana ta kwarara ruwa. Saiwar ruɓewa take yi. Irinsa ma ba ya shukuwa kamar na alayyafo. Gari ne kamar ƙura, ba ya tsira sai ya haɗu da wani naman gwari da ke cikin ruɓaɓɓen ganye. Ka ɗauki hotonsa da wayarka, ganye da gindi da fure, sannan ka mayar da busassun ganyen da ka share yadda ka same su.