Yadda ake tsira idan kwale-kwale ya kife

A daren 30 ga Yuli 1945 jirgin yaƙin Japan mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbi jirgin ruwan Amurka, Indianapolis. Cikin minti 12 ya nutse. Mutum wajen 900 suka faɗa teku da ransu, sai bayan kwana huɗu aka hango su daga jirgin sama, 316 kaɗai suka rayu. Waɗanda suka rayun sun manne wa abin da ke yawo a kan ruwa ne, cikin ƴan uwansu. Mu a Maradi ba mu da teku, amma muna da tafkin Madarumfa da gulbi idan ya ciko da damina, kuma dabarar ɗaya ce.

Tun a gaɓa, ɗaure jarka mai lita 20, babu komai ciki, murfi a matse, inda hannunka zai kai. Rigar hana nutsewa ta fi, sai dai tsada, jarka kuwa kowane gida akwai.

In ya kife, kada ka doshi gaɓa da iyo. Ruwa yana rage wa ido nisa. Kwale-kwalen katako ko ya kife yakan tsaya a sama, to kama shi ko ka rungumi jarkar, cire takalmi, ka kira sauran ku taru wuri guda. Gungu ake hangowa, kai ɗaya ɓacewa yake.

Mai ceto, da kai nake yanzu, don nan ne na ga an yi kuskure da idona. Wani saurayi gwanin iyo ya faɗa gulbi don ya ciro yaro, yaron ya shaƙe masa wuya da hannu biyu, suka yi ƙasa tare. Da ƙyar aka jawo su da gora. Wanda ruwa ke ci ba ya cikin hayyacinsa, ko mahaifiyarsa ce danne ta zai yi. Miƙa masa gora, ko rawani, ko igiya da jarka a bakinta. Kwanta rub da ciki kafin ka ja, in ba haka ba shi zai ja ka.

In an fito da shi, a bar danna ciki da juya shi kai ƙasa. Yana numfashi, kwantar da shi a gefe ɗaya, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Ba ya yi, hura masa iska a baki, danna ƙirji sau 30, hura sau 2, a ci gaba. Wani ya kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, kuma ko ya farfaɗo a kai shi likita.